Bayit 512 da Darasin da Linka Ke Koyarwa

Kwanakin baya wani malamin kwamfuta da nake ganin girmansa ya ce mini sa ɗalibi ya rubuta sashen tayar da kwamfuta ɓata lokaci ne. Hujjarsa ita ce UEFI ta riga ta ture tsohon BIOS, kuma tun 2017 kamfanin Intel ya sanar zai daina tallafa wa tsohuwar hanyar daga 2020. Duk wannan haka yake. Inda muka rabu da shi shi ne hukuncin da ya yanke, domin ya auna wannan fasaha da ma'aunin kasuwa, alhali amfaninta yana wani wuri dabam.

Tarihin ba shi da tsawo. A 1981 IBM ta fitar da kwamfutarta mai ɗauke da Intel 8088. Da an kunna ta, BIOS zai karanto sashen farko na faifai, bayit 512, ya ajiye shi a adireshin 0x7C00 na ƙwaƙwalwa, ya miƙa masa ragama. A 1983 PC DOS 2.0 ta zo da jadawalin rabon faifai, wanda ya ci bayit 64. A ƙara da bayit biyu na hatimi, 0x55 da 0xAA, sai ga shi 446 ne kawai suka rage wa mai rubutu a babban faifai. A wannan ɗan wuri cutar kwamfuta ta Brain, ta wasu 'yan'uwa biyu na Lahore, ta ɓuya a 1986, a faifan tafi-da-gidanka. A nan ma Linus Torvalds ya fara tayar da Linux a 1991, da as86 da ld86. Daga baya GRUB da ire-irensa suka ɗauke wa mutane nauyin, aka daina leƙa wurin.

Masu son wannan fasaha sun kasu biyu: masu ƙin kwamfaila da masu yarda da shi. Akwai masu cewa duk wanda ya kawo kwamfaila cikin sashen tayarwa ya ɓata sana'ar, wai sai dai asambula zalla, a ƙirga kowane bayit da hannu. Suna da abin nunawa: BootChess na Olivier Poudade, wasan dara na Turawa cikin bayit 487 a 2015, ayyukan Óscar Toledo na Meziko irin su bootBASIC da bootOS, SectorLISP na Justine Tunney mai bayit 436. Ina sha'awar waɗannan ƙwarai. Kuma a abu ɗaya na ba su gaskiya: idan ka tilasta wa GCC rubuta umarni na yanayin bit 16 da -m16, abin da zai ba ka umarnin bit 32 ne da aka liƙa wa yawancinsu ƙarin bayit 0x66 ko 0x67 a gaba. Share rijista da ke cin bayit biyu sai ya koma uku, kuma a ɗakin da bai wuce 510 ba, wannan asara ce. Amma daga nan zuwa cewa kwamfaila ba shi da gurbi, an yi tsalle mai nisa.

Misalin da na fi so shi ne na xv6, ƙaramar manhajar gudanarwa da MIT ta rubuta a 2006 don koyarwa. Fayil biyu ne ke tayar da ita a kan x86. Na farko, bootasm.S, gajere ne: ya toshe katsalandan, ya share rijistocin sashe, ya buɗe layin A20, ya ɗora jadawalin da zai ba shi damar shiga yanayin bit 32, ya kafa wurin tari, sannan ya kira bootmain. Na biyu, bootmain.c, da harshen C aka rubuta shi, shi ne ke karanto ƙwaryar manhajar daga faifai ya miƙa mata aiki. An ba kowane kayan aiki abin da ya iya. Asambula ya yi abin da C ba ta da bakin faɗa, kwamfaila ya yi lissafi da zagaye, kuma tun da an riga an shiga bit 32, babu wancan ƙarin bayit mai cin wuri.

To, wa ya haɗa su? Linka. A nan ne nake so mai karatu ya tsaya da ni, domin shi ne kayan aikin da ɗalibi ke iya gama digiri bai taɓa ganin fuskarsa ba. A aikin yau da kullum kwamfaila ne ke kiransa a bayan fage, ya yi aikinsa ya tafi. A sashen tayarwa kuwa dole ka yi masa magana da bakinka.

Dubi abin da xv6 ke gaya masa: -Ttext 0x7C00. Ma'anarsa, ka ɗauka bayit na farko zai zauna a wannan adireshi, watau 31,744, kilobayit ɗaya ƙasa da 32,768. Mai amfani da NASM kuma org 0x7C00 yake rubutawa a saman fayil, magana ɗaya ce. Gwada ka cire wannan layi a ƙaramin shirin da ke buga gaisuwa a allo ta hanyar int 0x10. A ce saƙonka yana bayit na 30 daga farkon shirin. Maimakon a rubuta 31,774 cikin umarnin da ke nuna saƙon, sai a rubuta 30. Injin zai je adireshi na 30 da gaske, wanda ya faɗo cikin jadawalin katsalandan da ke mamaye bayit 1,024 na farkon ƙwaƙwalwa, ya kwaso abin da ya tarar ya zuba maka a allo: wasu baƙaƙe marasa kan gado, ko ma babu komai. Abin lura shi ne shirin bai mutu ba. Zagayensa na tafiya daidai, saboda umarnin tsalle na kusa da tazara yake aiki, ba ruwansa da inda aka ajiye shi. Bayanai ne kaɗai suka ɓace. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa ya fahimci bambancin adireshi tsayayye da na tazara fiye da wanda ya haddace babi guda, gani ya kori ji.

Akwai darasi na biyu da ya fi wannan daɗi. A layin umarnin linka na xv6, bootasm.o ne ke gaba, bootmain.o na biye. Wani zai ɗauka jeri ne kawai, tun da an riga an faɗa wa linka -e start, an nuna masa ƙofar shiga. Amma wannan bayanin a cikin kan fayil ɗin ELF da linka ya fitar yake zaune, kuma shirin objcopy zai yanke kan ya jefar, ya bar umarni tsirara. BIOS bai san ELF ba, bai san suna ba. Bayit na farko kawai yake faɗawa. Ka sauya jerin fayilolin nan biyu, sai injin ya fara da umarnin bit 32 alhali yana yanayin bit 16, ya karanta su a karkace, ya ɓace. Haka kuma objcopy ɗin xv6 sashen .text kaɗai yake ɗauka, don haka in ka saka jimla cikin C, kwamfaila zai kai ta .rodata, a bar ta a baya ba tare da kowa ya yi maka gargaɗi ba. A ƙarshe ɗan shirin Perl mai suna sign.pl zai auna abin da ya fito, in ya haura 510 ya ƙi, in bai haura ba ya cike gurbin da sifili ya buga hatimi.

Ra'ayina ke nan: wasannin bayit 512 sun ja hankalin duniya, sun sa ana ganin fasahar a matsayin gasar ƙanƙanta abu, amma babbar ribarta ita ce nan ne wuri mafi sauƙi da mutum zai ga kwamfaila da asambula da linka kowanne a rabe, ya san wa ya yanke wane hukunci. Wannan ilimin bai tafi da BIOS ba. Duk mai rubuta wa ƙananan na'urori irin na ARM manhaja, rubutun linka ne ke gaya masa inda ma'ajiyar dindindin ta fara da inda RAM ta fara. Ita kanta xv6 da ta koma RISC-V, da rubutun linka take kafa ƙwaryarta a 0x80000000.

Ga malamina da sauran masu koyarwa: ba a bukatar tsohuwar kwamfuta ko faifai. QEMU da GCC da NASM duk kyauta ne, kuma xv6 ta x86 tana nan a buɗe. Ku ware mako guda a zangon karatu, ku sa kowane ɗalibi ya buga sunansa a allo daga 0x7C00, sannan ku ce ya cire layin adireshin ya bayyana muku abin da ya gani.