Sharhi Kan Rahoton Karp na 2007: Kwasa-kwasan Jami'a a Sakandare da Kammala Digiri

A Amurka akwai tsarin da ke bai wa ɗalibin sakandare damar ɗaukar kwas na kwaleji, a lissafa masa makinsa idan ya shiga jami'a. Jihar Minesota ta kafa dokarsa a 1985. A 2007 Melinda Karp da abokan aikinta na Jami'ar Kolambiya suka fitar da rahoto kan tsarin a jihar Fulorida da birnin Niyok. Sun gano cewa a Fulorida waɗanda suka bi shi sun fi takwarorinsu shiga jami'a da ɗorewa a cikinta, sun kuma fi tara maki bayan shekara 3.

Rahoton ya cancanci yabo saboda yawan bayanan ɗalibai da ya tattara. Sai dai yana da rauni biyu. Na farko, bai bi sawun ɗalibai har zuwa kammala digiri ba, don haka kafa hujja da shi kan kammalawa wuce gona da iri ne. Na biyu, Fulorida na sharɗanta matsakaicin maki 3.0 kafin a shiga tsarin, ke nan haziƙai ne tun asali. Ƙididdiga na iya daidaita jinsi da sakamakon baya, amma ba ta auna himmar ɗalibi ko kulawar iyaye.

Binciken Cecilia Speroni na 2011 ya fito da wannan giɓi fili. Ta kwatanta ɗaliban Fulorida da ke dab da wannan iyaka, sama da ƙasa, ba ta ga wani tasiri mai ƙarfi na tsarin gaba ɗaya ba, amma kwas ɗin aljabara ya ƙara yiwuwar samun digiri. Haka kuma nazarin da Cibiyoyin Bincike na Amurka suka yi a 2013 kan makarantun da ke ɗaukar ɗalibai ta ƙuri'a ya nuna ƙaruwar kammalawa, galibi a shaidar shekara 2.

Darasi ga masu tsara manhaja shi ne, ingancin kwas da tallafin malamai sun fi yawan maki muhimmanci. Ya kamata duk mai nazarin IJMB ko JUPEB, masu kai ɗalibi aji 2 na jami'a a Nijeriya, ya fara da tambayar: su wa ake ɗauka, kuma da wa aka kwatanta su?