Jinjina Ga Masu Tono Tarihin Yaƙi

A shekarar da ta wuce, kusan duk littafin da na ɗauka na tarihi ne, galibi ma na yaƙi. Na gama ta ina ganin girman masu wannan aiki. Su ne ke shafe shekaru cikin ƙurar tsofaffin takardu, suna bin wasiƙun sojojin da ƙasa ta daɗe da rufewa, suna auna maganar janar da ta kurtu kafin su yarda da ɗaya.

John Keegan ya fi ratsa ni. A littafinsa na 1976 ya bar tantin manya, ya tsaya gefen ƙaramin soja a yaƙe-yaƙen Agincourt da Waterloo da Somme. A Somme ne aka kashe sojojin Birtaniya fiye da 19,000 a ranar 1 ga Yuli 1916 kaɗai. Wallahi daren da na karanta wannan barci ya ƙi zuwa.

Joseph Smaldone ma ya yi ƙoƙari a 1977, da ya bi diddigin dawaki da lifidi da ganuwa a yaƙe-yaƙen Daular Sakkwato.

Saura kakanninmu da aka kai Yaƙin Bama (Burma). Malaman tarihi na jami'o'inmu, don Allah ku rubuta mana labarinsu da Hausa.