Gangar Jikin Murya: Makirufon Maƙeri da Nazarin Waƙar Baka

A ajin nazarin waƙar baka, ɗalibi yakan jero kayan kiɗa ba tare da tuntuɓe ba: kalangun Mamman Shata, kotson Narambaɗa, kuntigin Ɗanmaraya Jos. Tsarin da masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suka shimfiɗa ya koya mana cewa ba a raba waƙa da kiɗanta da 'yan amshinta. Sai dai akwai wani kaya da ba kasafai ɗalibi ke ambata ba, alhali duk waƙar da ya saurara a faifai ko kaset ko waya ta cikinsa ta biyo. Wannan kaya shi ne makirufo. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, makirufo yana da hannu a cikin waƙar da muke feɗewa, kuma wanda ya taɓa ƙera gangar jikinsa da hannu ya fi mai sharhi sanin haka.

A ɗauki misalin makirufon masallaci ko na Islamiyya a ƙauye irin Tafoki ta ƙasar Faskari, wanda gidansa na roba ya fashe amma zuciyarsa na aiki. Zuciyar nan abu uku ce: siririn tantani mai karkarwa idan murya ta buge shi, da naɗin wayar tagulla da ke manne da shi, da maganaɗisu. Mai son ceto ta zai yanki bututun ƙarfe daidai tafin hannu, ya goge bakinsa da magagari, ya lanƙwasa raga ta zama hula, ya kama wayoyi da dalma. Aiki ne da ya fi kusa da na maƙeran fari, masu zobe da munduwa, fiye da na maƙeran baƙi masu garma da lauje, domin a nan taushin hannu ake bukata.

Kowane mataki na wannan ƙira hukunci ne a kan sauti. Idan ƙarfen ya cika sirantaka, sai ya riƙa amsawa da kansa, murya ta fito da ƙarar gwangwani. Idan ba a sa roba tsakanin zuciya da bututu ba, motsin yatsun mai riƙo zai shiga lasifika. Idan ragar ta yi ƙanƙanta ido, murya ta dushe. Idan ta yi faɗi, hucin baki ya riƙa dukan tantani. Makirufo mai saurare daga gaba yana bukatar kafofi a bayan tantaninsa, kuma da an toshe su sai ya koma jin kowane ɓangare, ya kwaso amon lasifika, ya yi ta kuwwa. Shi kuma ƙarfen, in an haɗa shi da garkuwar waya yadda ya dace, yana rage gurnanin lantarki. Ashe gangar jiki tana cikin muryar da ke fita.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kuntigin Ɗanmaraya, wanda ya rasu a 2015, gwangwanin kifi ne da aka rufe da fata, aka ɗaura masa tsirkiya guda. Babu mai nazarin da zai ce gwangwanin nan sutura ce kawai, domin kaifin amonsa ne ya dace da gajerun jimlolin mawaƙin da zambonsa ga halayen mutane. Mun yarda ƙarfen kuntigi yana da ma'ana a waƙa. Me zai hana mu yarda da na makirufo?

A kwatanta mawaƙan biyu. Shata, ɗan Musawa da ya zauna a Funtuwa har ya zama nata, ya gina salonsa a dandali: murya mai kai wa nesa, kalangai masu ƙarfi, da amshi mai maimaituwa wanda ke ba na bayan taro damar kama abin da ya wuce su. Ɗanmaraya kuwa shi kaɗai ne, ba 'yan amshi, da kayan kiɗan da hayaniyar kasuwa ke iya haɗiyewa. Makirufo da rediyo su ne suka zaunar da su a tabarma ɗaya, har mai saurare a Maraɗi ya ji su da ƙarfi guda. Haka nan, makirufo mai saurare daga gaba yana ƙara wa murya kauri idan aka matso da baki kusa da shi. Mai sharhin da ya yaba zurfin muryar wani mawaƙi ya kamata ya tambayi kansa: nawa ne na maƙogwaro, nawa ne na tazara? Wanda kuma ya rubuta amshin tsohon faifai da ƙyar, kada ya yi saurin zargin 'yan amshi da tauna kalma, wataƙila nesa suka tsaya.

Za a iya cewa maƙerin namu kwanso kawai ya yi, tunda zuciyar daga waje take zuwa. Gaskiya ne. 'Yar ƙaramar zuciyar da ke cikin rediyo mai ɗaukar magana ta samo asali ne daga aikin Gerhard Sessler da James West a Amurka a 1962. Amma gwangwanin kifi ma ba a Jos aka ƙago shi ba, kuma bai hana kuntigi zama na Bahaushe ba. Abin da ke mayar da kaya na gida shi ne wanda ya iya gyara shi ranar da ya lalace. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomin Katsina da dama saboda matsalar tsaro, ciki har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, muryar da ta rage wa gari ita ce ta kusa: rediyo, da sanƙira, da lasifikar masallaci. A irin wannan hali, hannun da ya iya rayar da makirufo yana riƙe da bakin jama'a.

A ɗakunan naɗar waƙa na Kano a yau, kwamfuta tana miƙe muryar da ta karkace, har mawaƙa da yawa su fito da amo iri ɗaya. Nazarinmu ba zai iya auna wannan sauyi ba muddin yana ɗaukar abin da ya ji a matsayin muryar mawaƙi tsantsa. Don haka ɗalibin da zai feɗe waƙa ya ƙara tambayoyi uku a kan waɗanda ya saba: a ina aka naɗe ta, da wane kaya, kuma wa ya fi kusa da ragar? Amsarsu za ta sauya hukunci a kan baitoci da yawa da muke zaton mun gama da su.