Babbar Riga da Farin Yadi a Siyasar Arewa

A teburin mai shayi da shirye-shiryen rediyo na kiran waya, akwai wani lissafi da mutane suka ƙware a kansa. Da zarar ɗan siyasa ya hau mumbari yana kukan halin da talaka ke ciki, sai a ƙare masa kallo daga sama har ƙasa: hula zanna ce, shadda gezna ce, ɗinkin aikin hannu ne, ga agogo, ga takalmi. A tara kuɗinsu, a auna da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, a yanke hukunci cewa wannan munafuki ne. Fushin yana da dalili, a ƙasar da Hukumar Ƙididdiga ta ce a 2022 mutum miliyan 133 na fama da talauci ta fuskoki daban-daban, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Amma ina ganin lissafin yana tsayawa tun kafin ya iso inda ɓarnar take.

Ɗan siyasar Arewa gado biyu ya ci a harkar sutura, kuma ba sa jituwa. Na farko gadon sarauta ne. A fada, riga shaidar mulki ce: da rawani da alkyabba ake naɗa mutum, kuma babbar riga mai aska takwas takan ci watanni a hannun maɗinki kafin ta hau wuyan mai ita. Talaka bai taɓa ƙin wannan ba. Hasali ma, shugaban da ya fito a koɗe sai a ce ba shi da kwarjini, ko a kira shi marowaci, wadda ita ce mafi munin shaida a wurin mai neman jama'a. Tuwon girma, in ji Bahaushe, miyarsa nama.

Sai dai rigar sarakunan da dukiya ce mai yawo. Basarake kan tuɓe ta ya miƙa wa maroƙi, ya yi wa bara kyautarta da salla, ta sauka daga wuya zuwa wuya har ta tsufa. Kafin a kai ga haka ma ta riga ta ciyar da manomin auduga, da matar da ta kaɗa zare, da masaƙi, da marini, da mai bugu, da maɗinki. Baturen nan Barth da ya shigo Kano a 1851 ya tarar tufa ce kan gaba a cinikin birnin, ana kai ta har Timbuktu da Tarabulus. Wato almubazzarancin sarki, duk da illarsa, a cikin gari kuɗinsa yake kwana.

Gado na biyu na malamai ne masu gudun duniya. An ruwaito cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo bai tara tufafi ba, kuma a Kitabul Farƙ ya lissafa sanya duk tufar da aka ga dama, ba ruwan mutum da halal ko haram, cikin aibobin sarakunan da ya yaƙa. Ƙaninsa Abdullahi kuwa, tun jihadi bai ƙare ba ya fara kokawa da 'yan'uwansa da suka koma tara riguna da dawaki, har ya yi fushi ya nufi gabas, Kanawa suka tsayar da shi. Wannan ita ce jijiyar da Malam Aminu Kano ya tsiro daga cikinta. Jam'iyyarsa NEPU da aka kafa ranar 8 ga Agusta 1950 ta raba al'umma gida biyu, talakawa da masu danne su, shi kuma Malam ya zaɓi farin yadi da jar dara, ya zauna a gidansa na Gwammaja har ya rasu a Afrilun 1983. Abin lura shi ne Malam ba ɗan talaka futuk ba ne. Gidan malamai da alƙalai ya fito, ya yi karatu a Landan, kuma ya riƙe kujerar minista a zamanin Gowon. Da yana son shadda da ya sa. Abin da ya ba farin yadinsa daraja shi ne jama'a sun ga ƙofofin da kuɗi za su iya shigo masa, sun kuma ga bai bar komai ba.

Ɗan siyasar yau yana son cin moriyar gadon biyu a lokaci guda: kwarjinin sarki ranar ɗaurin aure da rantsar da gwamna, tawali'un Malam ranar kamfe a ƙauye. A nan ne masu lissafin riga suke faɗawa tarko, domin sun ɗauka shiga mai sauƙi shaidar gaskiya ce. Alhali babu suturar da ta fi ta Malam arhar kwaikwayo. Jar hula da fararen kaya sun zama tambarin Kwankwasiyya a Kano, da sunan koyi da shi, kuma ba na shakkar akwai dubban matasa da ke sa ta da zuciya ɗaya. Amma hula ce da kowa zai iya saya a kasuwa. Abdullahi Umar Ganduje da ita ya ci zaɓen 2015, ya cire ta bayan ya ɓata da maigidansa, jagoran Kwankwasiyyar, haka wasu da dama suka sa, suka cire, suka sake sawa, gwargwadon inda iska ta kaɗa. Hular ba ta taɓa gaya wa kowa yadda mai ita zai yi da baitulmali ba.

Haka marigayi Muhammadu Buhari ya shigo da sunan Mai Gaskiya, mai doguwar riga ba ado, wanda ya ce rancen banki ya ci ya sayi fom ɗin takara a 2014. A Agustan 2021, ranar auren ɗansa a Bichi, jiragen alfarma na manyan ƙasar nan suka cika filin jirgin Kano, filin da ke ɗauke da sunan Malam Aminu Kano. Rigarsa dai ba ta canza ba. Ko mutum na ƙaunarsa ko yana ƙinsa, dole ya yarda cewa sauƙin suturar shugaba bai hana komai faruwa a kewayensa ba.

Mu duba alƙaluma. A 2015 an yi ta ce-ce-ku-ce kan kuɗin tufafin 'yan majalisar tarayya, har hukumar da ke tsara albashinsu ta fito ta ce na sanata naira 506,600 ne a shekara. Kuɗi ne, kuma abin kunya ne a ce talaka ke ɗinka wa sanata riga. To amma a 2018 Sanata Shehu Sani ya fallasa cewa kowane sanata na karɓar naira miliyan 13.5 a wata na gudanar da ofis, a 2024 kuma Sanata Kawu Sumaila ya shaida wa BBC Hausa cewa abin ya kai miliyan 21. A lissafin 2024, kuɗin rigar shekara guda bai kai na ofis na kwana ɗaya ba. Ga motocin alfarma da aka raba musu a ƙarshen 2023, watanni kaɗan bayan cire tallafin man fetur, lokacin da ake roƙon jama'a su ƙara haƙuri. Riga ce kawai ido ke gani, shi ya sa take shan zagi a madadin sauran.

Ina ma lura cewa wannan bulalar ta fi sauka a kan mata. Leshi da sarƙar gwal ɗin 'yar siyasa ko matar gwamna kowa na iya sa musu farashi, amma farar shaddar namiji, wadda wataƙila ta fi su tsada, sai ta wuce a matsayin shigar kamala.

In har za a tuhumi rigar kanta, to akwai tuhumar da ta fi farashi ƙarfi: ina aka saƙa ta? Gezna daga garin Bludenz na ƙasar Ostiriya take zuwa, atamfa sufa daga Holan, mai arhar da ake buga fuskar ɗan takara a jiki a raba wa mata kuwa galibi daga Sin. Masaƙar KTL da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi sahu a 2007, dubban ma'aikata suka koma acaba da zaman jiran haƙƙinsu. Kasuwar Kantin Kwari cike take da kaya, amma kaɗan ne a ciki aka saƙa a ƙasar nan. Thomas Sankara, da ya mulki Burkina Faso daga 1983 zuwa 1987, bai tsaya ga sauƙaƙa shigarsa ba, ya wajabta wa ma'aikatan gwamnati sa saƙin ƙasarsu, Faso Dan Fani, don masaƙa su samu ciniki. Namu kuwa sun riƙe ƙasaitar sarakunan da, sun yar da ɓangaren da ke ciyar da masaƙi da marini. Wanda ya zauna a majalisa shekara da shekaru masaƙu na mutuwa, sannan ya zo cikin yadin Ostiriya yana jawabi kan rashin aikin yi, shi ne ya cancanci a kira shi munafuki.

Mai kuɗi na iya tsayawa talaka, kuma ba laifi ba ne mutum ya sa abin da guminsa ya saya masa. Tambayar ita ce gumin wa. Tsarin mulki ya wajabta wa duk mai riƙe da muƙami bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, amma takardar a ofis take kwana, jama'a ba sa ganinta. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya buga tasa a fili a Yunin 2007, ta nuna dukiya sama da naira miliyan 850, kuma babu wanda ya kira shi munafuki don haka. Duk ɗan takarar da ya shigo unguwarku, cikin gezna ne ko cikin farin yadi, ku ce ya nuna muku tasa.