Tawali'u Ba Tsoro Ba Ne

Ɗan'uwa mai karatu, yau za mu duba kalma guda: tawali'u. Idan ka taɓa zuwa asibitin Galmi, wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1950 kan hanyar Madawa zuwa Konni, wataƙila ka ji Kiristoci na karanta Linjilar Matiyu, sura 5, aya 5. A can ne Yesu Almasihu ya sa wa masu tawali'u albarka, ya ce su ne magada duniya.

Wasu sukan ce wannan maganar ragwaye ce, wai a taka ka, ka yi shiru. Shin haka littafin yake nufi? A'a.

An fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Masu fassara sun ɗauko "tawali'u", kalmar da muka ara daga Larabci, ma'anarta ƙasƙantar da kai. Kalma ce mai kyau, Musulmi da Kirista duk sun san ta. Amma ba ta ɗauki dukan kayan ba. Da Girkanci aka rubuta Linjilar Matiyu, kuma kalmar da ke wurin ita ce "praus". Girkawa sukan faɗe ta ga mutum mai sanyin hali, sukan kuma faɗe ta ga dabbar da aka hora.

Ka dubi shanun noma. San da aka hora bai rasa ƙarfinsa ba. Ƙahonsa na nan. Sai dai ya bar tunkuyi, ya zuba ƙarfinsa ga jan galma. A Matiyu 11, aya 29, wurin da Yesu ya kira kansa mai tawali'u, zancen karkiya yake yi, wato itacen da ake ɗora wa shanu a wuya.

Ga shaida biyu. Littafin Ƙidaya, sura 12, ya ce Musa ya fi kowa tawali'u. Alhali shi ne ya tsaya gaban Fir'auna. Da Haruna da Maryamu, ƴan'uwansa, suka yi gunaguni a kansa, bai rama ba. Da kuturta ta kama Maryamu, shi ya roƙa mata sauƙi.

Ta biyu tana cikin Yahaya, sura 18. Wani dogari ya mari Yesu ana cikin yi masa tambayoyi. Bai rama ba, bai kuma yi shiru ba. Ya nemi a nuna masa laifinsa, in babu, a faɗi dalilin marin.

To, ina ruwan manomin Buza ko Keita da wannan? Da kaka, dabbobi sukan shiga gona kafin a kwashe hatsi. Da bazara, maƙwabci yakan ci iyaka. Mai zafin rai ya ɗauki sanda, a zubar da jini, ya ƙare a kurkuku, gonar ta kwana ba noma. Matsoraci ya haɗiye, ƴaƴansa su rasa gado. Mai tawali'u yakan riƙe hannunsa, ya kira shaidu, ya kai magana gaban maigari, ya faɗi gaskiyarsa ba zagi.

Saboda haka, in ka ji wannan kalma, kada ka tuna da mai sunkuyar da kai kaɗai. Ka tuna da mai ƙarfin da ya iya riƙe kansa. Ku tattauna wannan a ajinku na yaƙi da jahilci: wace kalmar Hausa ce ta fi dacewa, tawali'u, haƙuri, ko sanyin hali?