Hoton gilashi: abin da muka gani, da abin da bai kwanta mana ba

Satin da ya wuce wani yaronmu na nan Hausari ya baje mana hotunan da ya ɗauka a kan gilashi, wasu a tashar jirgin ƙasa ta Nguru, wasu a bakin kogi a Gashuwa. Mun bar rumfa mun je mun gani, don ba ma son mu yi magana a kan ji-ta-ji-ta.

Aikin ba na rago ba ne. Wani Bature ɗan Ingila, Frederick Scott Archer, shi ya fito da hanyar a 1851. Ana zuba wani ruwa mai danƙo, kolodiyon, a kan gilashi, a tsoma shi a ruwan azurfa cikin duhu, a ɗauki hoton, a wanke, duk kafin ya bushe. A ƙasar sanyi ma mintoci kamar goma sha biyar gare ka. To ina ga Nguru da hunturu? Shi ya sa gefen hotuna da yawa ya yi dabbare-dabbare, ƙura ta zauna. Shi yana ce wa wannan ado. Mu 'yan kasuwa aibi muke ce masa.

Amma hoton masuncin Gashuwa, wallahi ya yi. Dole mutum ya tsaya cik na wasu daƙiƙoƙi, sai ga dattijon ya fito da nutsuwar da waya ba ta bayarwa. Kowane zaren komarsa ana ƙirgawa.

Inda muka saɓa da shi biyu ne. Ya rubuta a allo wai "hoton kakanninmu". A'a, ɗana. Lokacin da dogo ya iso Nguru a 1930, an yi shekaru wajen hamsin da barin wannan hanya. Iyayenmu mai akwati suka sani, wanda ke cusa hannu a ciki ya ba ka hotonka nan take. Abin Turawa ne ka koyo, ba laifi, amma ka kira shi da sunansa.

Na biyun ya fi damun mu. Irin wannan hoto juya mutum yake kamar madubi. Ga ladaninmu riƙe da carbi a dama, ya fito da shi a hagu. Jar dararsa ta koma baƙa ƙirin, fuskarsa ta ƙara duhu, domin maganin shuɗi ya fi gani. Jikan da zai duba nan gaba wa zai gaya masa? Rubutu layi ɗaya a ƙarƙashi ya isa, bai yi ba.

Sannan mun shaƙi warin ɗakin da yake haɗa maganin. Abu ne mai kama wuta, ga shi bango ɗaya da masu tuyar ƙosai. Mun gaya wa mahaifinsa bayan la'asar, ya ce zai nema masa shago a bayan tasha.