Koyar da Yara Rubutun Sirri: Tsokaci a Kan Littafin Computer Science Unplugged

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1998 ne Tim Bell da Ian Witten da Mike Fellows suka fitar da littafin Computer Science Unplugged, wanda ya ƙunshi wasannin koyar da yara ilimin kwamfuta ba tare da an taɓa kwamfutar ba. Wannan tsokaci ya taƙaita ne ga sashen da ya shafi rubutun sirri, wato dabarun sauya saƙo ta yadda ba mai fahimtarsa sai wanda aka nufa. Manufarmu ita ce auna dacewar sashen da ajin da ake koyarwa da Hausa.

2.0 Abin Yabo

Wasan da ya fi burge mu shi ne na gano matsakaicin shekarun 'yan aji ba tare da wani ya faɗi nasa ba. Yaro na farko zai zaɓi wata babbar lamba a ɓoye, ya ƙara shekarunsa a kai, ya miƙa jimlar ga na kusa da shi. Shi ma ya ƙara nasa, ya miƙa sabuwar jimlar kaɗai. Idan takarda ta zagayo, sai na farko ya ɗebe lambarsa ta ɓoye, a raba abin da ya rage da yawan yaran. Takarda da fensir kawai ake bukata, don haka rashin lantarki ba zai zama uzuri ba. Haka kuma yaro zai gane da kansa cewa ana iya yin aiki da bayani ba tare da an tona shi ba.

3.0 Inda Aka Samu Giɓi

Wasan Kid Krypto kuwa ya yi wa ɗan firamare nauyi. Ya ginu ne a kan tsarin mabuɗi biyu, na fili da na ɓoye, wanda Diffie da Hellman suka gabatar a 1976. Ana zana taswirar tituna, a rarraba lambobi a mahaɗunsu, a yi ta tarawa. Malamin da ke gaban cunkoson aji zai ƙare lokacinsa ne wajen gyaran lissafi, manufar darasin kuma ta salwanta. Mun fi ganin dacewarsa da sakandare.

Babban giɓin shi ne na harshe. An rubuta littafin da Ingilishi, ba laifin marubutan ba ne da ba su yi la'akari da ɗan Bahaushe ba. Laifin zai zama namu idan muka kwaso darussa irin waɗannan yadda suke. Misali, dabarar da aka fi fara koya wa yara a wannan fanni ita ce ta Julius Caesar, sarkin yaƙin Rum, wanda yakan musanya kowane harafi da na uku a gabansa. A jerin haruffan Ingilishi guda 26, a zai koma d. A jerin Hausa kuwa, inda ɓ ke bin b, a zai koma c. Ke nan yara biyu masu mabuɗi ɗaya za su rubuta abubuwa mabambanta, kowanne kuma yana da gaskiya. Sai malami ya fara daidaita matsayin ɓ da ɗ da ƙ da 'y, ya kuma yanke ko sh da ts harafi ɗaya-ɗaya ne ko biyu-biyu.

Haka abin yake wajen warware sirrin. Tun a ƙarni na 9 Alkindi ya bayyana a Bagadaza cewa ana iya fasa irin wannan rubutu ta ƙidaya yawan aukuwar haruffa. Harafin e ne ya fi yawa a Ingilishi, a Hausa kuwa a ne, kuma mafi yawan kalmominmu da wasali suke ƙarewa. Yaron da aka ba jadawalin Ingilishi ya fasa saƙon Hausa da shi, an ba shi mabuɗin ɗakin wani ne.

4.0 Shawara

Muna ganin a fara daga zaurance, domin da shi yaro ke zuwa makaranta. Mai cewa "zobi mubi tabifibi" maimakon "zo mu tafi", ko "dagi" maimakon "gida", ya riga ya san ƙa'ida da saƙo da wanda ake ɓoye wa. Ya kuma san raunin abin: da zarar ƙanensa ya gano ƙa'idar, sirri ya ƙare. Daga nan malami zai kai su ga abin da Auguste Kerckhoffs ya tabbatar a 1883, cewa tsaron saƙo ya rataya ne a kan mabuɗi, ko da abokin gaba ya san dabarar. A ajin gaba ana iya kawo ramzi, inda malamanmu ke rubuta shekarar kammala waƙa da haruffan Larabci masu ƙimar lamba, don yara su bambance tsarin da kowane masani zai karanta da wanda sai mai mabuɗi.

5.0 Kammalawa

Darasin ya wuce wasa. Yara da yawa su ne ke karanta wa iyayensu saƙon banki a waya, su ne ake aika su cire kuɗi da kati. Ɗan damfara ba ya wahalar da kansa wajen fasa tsaron banki, lambar sirri yake roƙa ta waya da daɗin baki. Yaron da ya taɓa ganin saƙonsa ya tonu a aji saboda ya faɗi mabuɗinsa zai yi wuya ya miƙa lambar mahaifiyarsa ga baƙuwar murya. Saboda haka muna ba masu tsara manhaja shawarar su ɗauki wasan matsakaicin shekaru yadda yake, su ɗage Kid Krypto zuwa sakandare, su kuma samar da jeri ɗaya na haruffan Hausa tare da jadawalin yawan aukuwarsu kafin darasin ya shiga aji.